Faɗin da Na Ƙara wa Kaina

Assalamu alaikum, masu bibiyar labarina, na da da waɗanda yau suka faɗo. Wata 'yar uwa ta turo mini saƙo wai na cika kewaye-kewaye, in faɗi abin da na yi wa hoton nan kawai a wuce wurin. Ki yi haƙuri da ni, 'yar uwa. Bakin ne yake mini nauyi, amma yau zan faɗa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Luba. A Jibiya nake, ni ke zaman shagon kwamfutar yayana Rabe, nan kusa da tasha inda manyan motocin hatsi ke jeruwa suna jiran hanyar Maraɗi. Aikina buga takardu da gyaran hoto. Yawancin masu zuwa ɗalibai ne masu rajistar jarrabawa, an ce musu hoton fasfo ɗinsu ya yi nauyi, shafin ya ƙi karɓa. Sai in buɗe shi a Paint, wannan da ke zuwa tare da kwamfutar, in shiga wurin sauya girma in rage shi. Gurbi biyu ne a wurin, ɗaya na faɗi, ɗaya na tsawo, a ƙasansu kuma akwai ɗan akwati mai alamar maki. Muddin makin nan yana ciki, in ka rage faɗi tsawo zai bi shi, mutum ya fito yadda Allah ya yi shi, ƙarami dai kawai. In ka cire shi, kowa ya kama gabansa. Nan ne za ka ga ɗan mutane ya fito da kai kamar kabewa. Ni ce uwar masu yi wa sauran shaguna dariya a kan wannan. Na sha faɗa wa Yaya Rabe cewa duk wanda ya cire makin nan bai kamata a sake ba shi hoton ɗan Adam ba. Ashe Allah yana ji na.

Abu na biyu da ya kamata ku sani, ni siririya ce. Ba ciwo ba ne, haka nake tun ina goye. Ina cin tuwo har Mama ta ce in tausaya wa tukunya, amma inda yake zuwa oho. Tun a islamiyya sunana Sillen Kara, har yau akwai matan aure da 'ya'yansu da ba su san ina da wani suna ba. An taɓa zuwa neman aurena, magana ta yi nisa, sai dangin yaron mata suka zo ganina. Suka sha ruwa, suka ci cincin ɗinmu, suka koma gida suka ce sikila gare ni ana ɓoyewa. Har sakamakon gwajin jini aka kai musu, ba su dawo ba. Na yi kuka a kan abin nan fiye da yadda yaron ya cancanta.

Sai Zunnuraini. Ɗan Maraɗi ne, dillalin wake da gero, duk ranar kasuwa yana Jibiya. Hoton katinsa ya kawo in rage masa, daga nan kuma ya zama kullum yana da hoton da ya yi nauyi. Baƙi ne dogo, mai magana a hankali kamar wanda ke tsoron tayar da jariri. Bai taɓa ce mini in ƙara jiki ba, ko da wasa. Ko ba komai, wannan kaɗai ya isa in so shi, kuma na so shi har ina jin haushin kaina.

Matsalar tana wajen mahaifiyarsa, Hajiya Mariyamu. Tela ce, ta yi suna a unguwarsu. Matar babban ɗanta Faruk ta yi ciwo mai cin jiki, ta rame a hannun Hajiya har ta rasu ta bar jinjira. Tun daga nan, in ji Zunnuraini, Hajiya ko akuya ta gani da ƙashi a waje sai hankalinta ya tashi. Da maganata ta taso, ya kamata ta zo ta gan ni da idonta kamar yadda aka saba. To a lokacin iyaka a rufe take ga motoci, sai dai a hau mashin a bi ta jeji, ita kuwa gwiwoyinta ba za su ɗauka ba.

Ina shago da hantsi saƙonsa ya shigo.

"Hajiya ta ce a aiko mata hotonki a tsaye, tun daga kai har ƙahwa."

"Na fasfo bai isa ba?" na rubuta masa, da 'yar fuskar dariya da ba ta kai zuci ba.

"Bai isa ba. Ki rage mashi nauyi don Allah, rezo ɗinmu ba shi jan babban hoto."

Rezo shi ne abin da mu muke ce wa sabis. Na ce to.

Mama da kanta ta zaɓa mini kaya, doguwar riga ruwan ƙasa marar zane, da ɗankwali mai ruwan zuma, gyalen a kafaɗa ɗaya. Ta sa mini kwalli, ta sa ni na cire agogo wai yana nuna ƙanƙantar hannu. Yaya Rabe ya tsayar da ni jikin farin bangon zauren gidanmu ya ɗauka da kyamarar shago. Washegari na juye shi a kwamfuta, na buɗe, na zauna ina kallon kaina.

Ban yi muni ba, wannan kam na sani. Amma ƙasusuwan wuyana suna nan sun fito suna gaisuwa, rigar kuma ta sauka sak babu abin da ya tare ta a hanya. Na tuna matan nan da suka ci cincin ɗinmu. Na tuna wata baiwar Allah a Maraɗi za ta kai wayar kusa da idonta ta ga matar Faruk ta dawo.

Na shiga wurin sauya girma. Ɗari a faɗi, ɗari a tsawo, maki a cikin akwatinsa. Shagon babu kowa, Yaya ya tafi sayen man janareta. Wallahi da niyyar ragewa na shiga. Hannuna ne ya je ya danna ɗan akwatin nan, makin ya ɓace.

Na mayar da faɗin ɗari da goma, na bar tsawo yadda yake. Sai ga wata yarinya ta fito, ni ce, amma ni wadda rayuwa ta yi wa sauƙi. Na koma na gwada ɗari da talatin, fuskar ta baje kamar faranti, na yi sauri na janye. A ɗari da goma sha takwas na tsaya. Kumatu sun cika, kafaɗa ta zauna, ƙugu ya fito, ga bangon fari fat babu taga babu agogo balle wani abu ya karkace ya tona mini asiri. Na daɗe ina kallonta. Kunya ce ta kamata ta kama ni, amma abin da na ji sha'awa ce. Na so in zama ita.

Daga nan na mayar da makin wurinsa kamar mutuniyar kirki, na rage hoton gaba ɗaya ya yi sauƙi, na adana shi da wani suna daban, na bar na asalin a inda yake. Na tura wa Zunnuraini. Ya aiko da hoton zuciya ja, bai ƙara ko kalma ba. Na ce a raina, maza dai ba sa gani.

Kafin la'asar ya turo mini muryar Hajiya.

"Masha Allah, tubarkalla. Wagga ɗiya ta cika, ga wuya ga kahwaɗa. Zunnu, yau hankalina ya kwanta. Ka ba ni lambarta in gaishe ta da kaina."

Ta kuwa kira. Murya gare ta mai daɗi, irin ta matan da suka saba rarrashi. Ta tambayi Mama, ta tambayi abin da nake son ci, ta ce mini ɗiyata ya fi a ƙirga. Na ajiye wayar ina murmushi.

Da a nan abin ya tsaya da na ce na sha. Bayan 'yan kwanaki wani ɗan acaɓa ya yi sallama a ƙofar gida da jaka ɗaure a bayan mashin, duk ta yi jar ƙasa, ya ce saƙo ne daga Maraɗi. A ranar kuwa Gwaggo Salmatu, ƙanwar Babanmu, tana gidan. Ita ce mai faɗa a ji a duk abin da ya shafi aurenmu, kuma ta daɗe tana cewa zamana a gida ya fara tsaya mata a wuya, ga ƙannena biyu sun taso sun kamo ni.

Muka shiga ɗakin Mama aka zazzage jakar a kan gado. Ƙamshin turaren wuta ya cika ɗakin. Riga da siket na atamfa mai ruwan goro, doguwar rigar shadda shuɗiya da aiki a wuya har ƙirji, sai leshi fari mai ɗigon zinari. Ɗinki ne na wanda ya zauna ya sa rai, ko zare ɗaya bai leƙo ba. Gwaggo ta juya rigar ta duba cikinta, ta jinjina kai.

"Wa ya kai mata awonki?" Mama ta tambaya.

Na kira Zunnuraini a gabansu na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce Hajiya ba ta awo. In ta kalli mace sau ɗaya, ko a hoto ne, ta gama yanka. A Maraɗi an san ta da wannan, kuma ba a taɓa mayar mata da ɗinki ba.

"Sa mu gani," in ji Gwaggo.

Na sa rigar atamfar. Tsawonta daidai, kamar a jikina aka yanka. Hannu ya tsaya inda ya kamata. Amma kafaɗar ta zubo, wuyan ya zame gefe guda, siket ɗin kuwa ina sakinsa ya sauka ƙasa ya kwanta a kan ƙafafuna. Na gwada shaddar, mutum biyu irina za su shiga su yi hira. Hajiya ba ta yi kuskure ko na ɗan yatsa ba. Yarinyar hoton ta ɗinka wa.

"Ko an yi musanya da na wata?" Mama ta ce, tana tattara rigar ta bayana da hannu.

Nan na fashe da kuka na faɗa musu komai, da akwatin da makin da faɗin. Mama ta saki rigar ta zauna a bakin gado, ta yi salati a hankali. Ni Gwaggo nake jira ta wanke ni tas. Sai na ga tana kallona da wani irin ido da ba ta taɓa yi mini ba.

"Ashe injin nan yana ƙara ma mutum jiki?" ta ce. "To yau dai karatunki ya yi rana."

"Salmatu, ƙarya ce hwa aka yi ma baiwar Allah," in ji Mama.

"Ƙarya mi? Hancin wata ta ara ko idon wata? Ita ce dai, an ɗan gyara."

Mama ta ce a kai wa tela ya rage kayan. Gwaggo ta ce ko kusa. Macen da ke yanka da ido, ita ce ba za ta gane an taɓa mata ɗinki ba? Ko an rage kayan, hoton fa? Yana nan cikin wayarta, ƙila duk unguwarsu an gani. Ga shi an ce an fara barin motoci suna wucewa, Hajiya ta ce ƙarshen wata za ta zo ta gan ni cikin ɗinkinta.

"Kaya ba su raguwa, hoto ba shi raguwa," Gwaggo ta ce tana ninke leshin. "Ke za ki ƙaru. Na gaji da ganin ana zuwa ana komawa."

Masu karatu, na ci abinci a kwanakin nan har na tsani ƙarar cokali. Da asuba kunun gyaɗa da madara. Da hantsi fura da nono an zuba sukari kamar na gayya, Gwaggo ke aikowa shago a jug. Da rana ɗanwake yana iyo a mai. Da yamma dabino jiƙaƙƙe, da dare tuwon shinkafa da romon ƙashi, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana kallon kowace loma. In na ce na ƙoshi ta ce ƙoshi na masu miji ne. Duk safiya sai na sa siket ɗin Hajiya a gabanta, duk safiya sai ya sauka ƙasa.

Da ta ga kwanaki suna tafiya, sai ta zo da wasu ƙwayoyi ƙanana a ƙulle cikin farar leda. Ba sai an faɗa mini ba, duk macen garin nan ta san sha-ka-fashe, maganin ƙiba.

"Gwaggo, ina da olsa hwa."

"Wa ya mutu? 'Yan matan garin Daddara duk shi suke sha kahin biki. Kwana nawa ne? In an ɗaura sai ki bari."

Na kalli Mama. Tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Na san ba ta so, na kuma san ta gaji da amsa tambayar mata a gidan suna. Shirun nan nata ya fi maganar Gwaggo yi mini ciwo. Na karɓa na haɗiye.

Ya yi aiki, amma irin nasa. Fuskata ta kumbura tana ƙyalli, idanuna suka shige ciki, hannuwa da ƙafafu suna nan yadda suke. Barci ya riƙa ɗaukata a gaban kwamfuta, har na buga wa wani malami takarda da layi ɗaya sau biyu. Cikina kuwa kamar an zuba garwashi, musamman in na idar da sallar asuba. Yaya Rabe ya tambaye ni ko haƙori ke damuna. Wata safiya na yi amai na ga ɗan ja a ciki, na zuba ruwa na kore, ban faɗa wa kowa ba. Tsoro ya kama ni sosai, amma tsoron a sake fasawa ya fi shi ƙarfi.

Ranar kasuwa bayan la'asar Zunnuraini ya zo zance. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, jikin farin bangon nan, na kawo zoɓo mai sanyi. Yana sanye da yadi ruwan toka, hular ta ɗan karkace, ƙurar wake a gefen takalminsa. Na zauna nesa kaɗan na ja hijabina. Ya kalle ni ya yi murmushi.

"Kin hwara murmurewa," ya ce.

Kalmar ta tsaya mini a ƙirji. Murmurewa ai sai wanda ya yi ciwo.

"Da can ciwo nike?"

"A'a, ba haka nike nuhi ba. Kin yi kyau dai."

"Zunnuraini, akwai maganar da zan hwaɗa maka. Hoton da na aika ma Hajiya, na taɓa shi. Na ƙara ma kaina hwaɗi a kwamfuta."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa, ko mamaki, ko dariya ma. Babu ko ɗaya. Ya ajiye kofin a hankali.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Luba, duk sati ina ganinki. Ina buɗe shi na gane."

"Shi ne ka aiko mani da zuciya."

Ya shafa gemunsa, ya kalli ƙofar zauren inda awaki ke wucewa. "Ina zaune gabanta ta buɗe hoton. Ta yi dariya, Luba. Tun rasuwar matar Yaya Faruk ban ji ta yi dariya irin wannan ba. Ta tashi a take ta jawo atamfa. In ce mata mi? Na ce bari dai, ƙila kahin ta zo..."

"Kahin ta zo mi?"

Ya gyara zaman hularsa.

"Ƙarasa mana."

"Ƙila ki ɗan ƙara."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Mutumin da na so don bai taɓa ce mini in ƙara jiki ba, ashe yana zaune yana jira ne, ya bar wa Gwaggo faɗar. Na sa hannu cikin hijabi na fito da farar ledar na ajiye a kan dardumar, tsakanina da shi.

"Ga abin da ke murmurar da ni. Shekaranjiya jini na gani a amai."

Fuskarsa ta sauya. Ya ɗauki ledar ya juya ta. "Subhanallahi. Wa ya ba ki wannan? Ki bari, don girman Allah ki bari. Gobe mu tahi asibiti. Ni ban ce ki kashe kanki ba."

"In bari in shiga rigunan da mi?"

"Sai a san abin da za a ce mata."

"Wa zai ce? Kai da ka kasa tun ranar hwarko?"

Daga cikin gida ina jin Gwaggo tana tambayar ko an jiƙa dabino. Na share idona na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina.

"In Hajiya ta zo ta gan ni yadda nike, ta ce ba ta yarda ba, mi za ka yi?"

Na so ya yi mini ko ƙarya ce.

"Ina sonki, Allah ya sani," ya ce. "Amma uwata ce, Luba. Ta sha wuya."

Na ce masa na gode, na kwashe kofunan na shige gida. Yana kiran sunana a hankali, irin kiran nan nasa, ban juyo ba. Ledar ma a wurinsa na bar ta. Da Gwaggo ta tambaya na ce ta faɗa masai, ta yi ta faɗa har aka kira magariba.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa. "Ki yahe mani." "Kin ci abinci?" Wannan ya goge shi da kansa, amma na riga na gani. "Zan yi mata magana, ki ba ni lokaci." Ban amsa ko ɗaya ba. Lokacin da ya samu tun ranar hoton me ya yi da shi?

Yau da safe na riga Yaya Rabe zuwa shago. Na tayar da janareta da kaina, na kunna kwamfutar, na nemo hoton asali inda na bar shi. Ga ni nan, da ƙasusuwan wuyana da komai. Na shiga wurin sauya girma, na duba makin yana cikin akwatinsa, na sake dubawa. Na rage faɗi, tsawo ya bi shi. Yarinyar ta ƙanƙance ba ta sauya ba. Na tura shi wayata, na nemo lambar Hajiya.

Ba jarumta ba ce, kada ku yaba mini. Gajiya ce kawai. Na ga gara ta ƙi ni daga Maraɗi da ta zo har ɗakin Mama ta ƙi ni a gaban Gwaggo, ina tsaye riƙe da siket.

Hajiya ba ta karanta rubutun boko, sai murya. Na tura hoton tukuna, da niyyar in bi shi da bayani. Na danna wurin naɗar murya na ce, "Hajiya, ina kwana," sai na goge. Na sake, na kai har "wannan hoton," na goge. Wani ɗalibi ya shigo da fasfo ɗinsa, na ce ya dawo an jima. Ina cikin neman kalmar da zan fara da ita na ga alamar da ke gefen hoton ta zama shuɗiya. Ta buɗe.

Na ajiye wayar a kan tebur na haɗa hannuwana a cinya. A waje wata babbar mota tana ta ƙoƙarin juyawa, masu lodi suna yi wa direban ihu. Na karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sai ga muryarta ta shigo. Na kara a kunne.

Dariya ta fara yi, irin ta uwa da 'yarta.

"Ɗiyata, lahiya lau muka kwana. Wanga hoto da kika aiko, injin naku ya ɓata shi. Ya matse ki, ya maishe ki wata abar tausai, har gabana ya hwaɗi kahin in gane rigar. Ki share shi maza, kar wani ya gani ya ce ciwo gare ki. Ni ma na share nawa. Na hwarkon shi ne ke, shi na aje bisa allon wayata, kowa ya zo sai na gwada mashi."

Ta ɗan tsaya, ina jin ƙarar keken ɗinki a bayanta.

"Kuma albishirinki. Na samu mota, ba sai ƙarshen wata ba. Gobe in Allah ya so da hantsi muna Jibiya. Ki sa mani shuɗiyar shaddar nan, ita na hi so in gani a jikinki."

Muryar ta ƙare. Na bar wayar a kunnena ban sauke ba, janareta yana ta ruri a bayan shago. A gabana ga hoton a buɗe, faɗi da tsawo duk daidai, babu abin da injin ya yi masa.

'Yan uwa, wanda ta ce a share ɗin nan, shi ne ni. Kuma shi zai fita ƙofar gida gobe ya tarbe ta.